Kasuwa a Tafin Hannu: Yadda Kafofin Sada Zumunta Suka Sauya Ciniki, Sana'a da Siyasa a Yankin Katagum

YANA, Jihar Bauchi: Garin Yana, hedkwatar ƙaramar hukumar Shira, yana ɗaya daga cikin garuruwan arewacin Jihar Bauchi waɗanda tattalin arzikinsu ya dogara a kan noma da kiwo da saye da sayarwa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa akwai mutane fiye da 230,000 a wannan ƙaramar hukuma, kuma galibinsu abin da suke samu a shekara ya rataya ne a kan farashin gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi, da kuma na dabbobin da suke kiwo. Daga nan ne ake ɗaukar amfanin gona zuwa Azare, wasu kuma su zarce da shi kasuwar Dawanau ta Kano, yayin da masu dabbobi suke sa ido a kan yadda kasuwa ta kaya a Potiskum.

Shekaru talatin da suka wuce, manomin da ya kawo buhun wake kasuwa ba ya da wata hanyar sanin farashin Kano sai abin da direban mota ko dillali ya faɗa masa. A yau kuwa, yaron gidansa yana iya buɗe waya ya ji saƙon murya daga wani ɗan'uwa da ke Dawanau tun kafin a sauke kaya daga amalanke. Wannan sauyi ya shafi aljihun kowane ɗan kasuwa a yankin, don haka ya kamata a auna ribarsa da hasararsa da ma'aunin ciniki.

Idan za a iya tunawa, kafin shekarar 2001 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma kusan dukkansu a manyan birane suke a hannun kamfanin NITEL. A watan Janairun 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka a kan Dala miliyan 285 kowane ɗaya, kuma a watan Agustan wannan shekara kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki. A wancan lokaci mallakar layi sai masu hannu da shuni. Daga baya ne gasa tsakanin kamfanoni, da shigowar wayoyi masu araha daga ƙasar Sin, suka kai wayar ƙauyuka. Facebook ya fara a 2004, WhatsApp a 2009, sannan TikTok ya biyo baya. A cikin waɗannan duka, WhatsApp ne ya fi karɓuwa a karkara, domin saƙon murya ba ya buƙatar mutum ya iya karatun boko, kuma ba ya cin kuɗin data da yawa.

Farashin labari ya faɗi

A ilmin tattalin arziki, labarin farashi shi ma haja ne, kuma neman sa yana cin kuɗi. Duk inda samun labari ya yi tsada, farashin kaya iri ɗaya yakan bambanta ƙwarai tsakanin kasuwa da kasuwa, kuma wanda ya riga kowa sani shi ke kwashe ribar da ke tsakani. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta yi nazarin kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, daidai lokacin da wayar hannu take shiga garuruwan ƙasar ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa shigowar waya ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 daga cikin 100, kuma ragin ya fi yawa a kasuwannin da ke nesa da juna ko waɗanda hanyarsu ba ta da kyau. Dalilin kuwa a fili yake: fatake sun daina yin doguwar tafiya don kawai su ji farashi.

Wancan bincike a kan kiran waya kaɗai aka yi shi. Kafofin sada zumunta sun ƙara abubuwa biyu a kai. Na farko shi ne hoto, domin a yanzu mai sayen riɗi a Kano yana iya ganin hasken ƙwayar da tsabtarta, mai sayen rago a Abuja kuma ya ga tsayuwarsa da tafiyarsa, alhali kayan suna Yana ko Disina. Na biyu shi ne zaure, inda saƙo guda yake isa ga mutane ɗaruruwa a lokaci ɗaya. Da ambaliyar damunar 2024 ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum, hotunan wurin sun bazu a wayoyi nan da nan, kuma ga mai motar kaya irin wannan labari yana iya zama bambancin riba da asarar lodi guda na kayan gwari.

Sai dai kuma sanin farashi bai wadatar da ƙaramin manomi ba. Wanda ya ci bashin taki da damuna, ko wanda ba ya da rumbun ajiya, tilas ya sayar da kaka ko da ya san farashi zai tashi da bazara. Haka nan wanda buhunsa biyu ne ba zai iya ɗaukar hayar mota zuwa Kano ba, musamman tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya ninka kuɗin sufuri. Saboda haka mafi yawan ribar sabon tsarin tana tafiya ne ga mai jari da wurin ajiya da abin hawa. Dillali ma bai gushe ba, aikinsa ne ya sauya. A da yana cin abinci ne da sanin farashin da wasu ba su sani ba, yanzu kuwa abin da ake biyan sa la'ada dominsa shi ne tsaya wa mai saye a kan ingancin kaya, da tsaya wa mai sayarwa a kan cewa kuɗinsa zai fito.

Darasin ƙarancin takardun Naira

Babu abin da ya tura 'yan kasuwar karkara ga cinikin waya kamar sauyin fasalin kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin takardun kuma suka yi ƙaranci matuƙa har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin su ci gaba da aiki. A cikin waɗannan makonni kasuwannin ƙauye sun ga abin da ba su taɓa gani ba: kaya ɗaya farashi biyu, na mai tsabar kuɗi daban, na mai turawa ta waya daban. Manoma da makiyaya da yawa waɗanda ba su da asusun banki sun karyar da kayansu ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu.

Bayan wannan ne kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka samu gindin zama, na'urar POS kuma ta zama sana'ar matasa a bakin kowace kasuwa da tasha. Yanzu ciniki guda yana iya farawa da hoto a WhatsApp, a daidaita da saƙon murya, a biya ta waya, a ɗora kaya a motar haya, mai saye da mai sayarwa ba su haɗu ba. Hukuma ita ma ta biyo sawu. A 2024 aka umurci masu POS su yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, kuma a watan Disambar wannan shekara aka faɗaɗa harajin Naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗin da ya kai Naira 10,000 ya shafi waɗannan sababbin kamfanoni.

Sana'o'in da suka tsiro

Masana sun daɗe da lura da cewa wani babban kaso na cinikin ƙasar Hausa a cikin gidaje ake yin sa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta bayyana yadda matan aure suke saye da sayar da hatsi da sauran kayayyaki daga ɗakunansu, yara suna yi musu aike da talla. Wannan tsohon tsari shi ne waya ta ba wa sabon ƙarfi. Matar da ke Azare ko Yana tana iya nuna atamfa ko turaren wuta ko kayan ɗaki ko girki a shafinta, masu so su zaɓa, ɗan acaɓa ko mai Keke Napep ya kai. Ba ta biyan kuɗin hayar shago, kuma idan cinikin ya kankama yana iya rage buƙatar ɗora wa yarinya farantin talla a lokacin da ya kamata tana makaranta. Tela da kafinta da mai walda su ma sun gane cewa hoton aikin da suka gama ya fi kowane allon talla jawo ciniki.

Yankin yana da manyan makarantu da suke yaye matasa a kowace shekara, daga ciki akwai jami'ar jiha da ke Gadau, wadda yanzu take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare, da kuma Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a Azare a 2021. Aikin gwamnati ba zai ɗauke su duka ba. Tun daga shirin N-Power na 2016, neman gurbi a shirye-shiryen gwamnati ya koma ta intanet, kuma galibi a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook ake fara jin labarin buɗe rajista. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 don koya wa matasa miliyan 3 fasahar zamani shi ma ta wannan hanya yawancin matasa suka san da shi. Abin takaici shi ne, ta hanyar dai ake yaɗa tallan ayyukan bogi, inda ake karɓar kuɗin fom a hannun marasa aikin yi.

A tsakiyar 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya buɗe wa masu wallafa bidiyo a Nijeriya ƙofar samun kaso daga kuɗin talla. Wannan ya sa matasa da dama suna kallon shafi a matsayin sana'a. Ya kamata a fahimci lissafin. Kuɗin da ake biya ya danganta ne da abin da masu talla suke biya don isa ga masu kallo, kuma mai kallo a Bauchi ba a saye shi da tsadar mai kallo a Ingila ko Amurka. Kaɗan ne suke samun abin kirki, sauran kuwa kuɗin data da lokacinsu ne suke tafiya. Tsarin yana kuma saka wa duk abin da ya tara jama'a, ko da zagi ne ko ƙarya, kuma a nan ne sana'ar take cin karo da doka.

Siyasa da doka

Tun zanga-zangar janye tallafin mai ta Janairun 2012 'yan siyasa suka gane ƙarfin waɗannan kafofi. Wani bincike da Cibiyar Dimokuraɗiyya da Ci Gaba ta Abuja ta yi tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila a kan zaɓen 2019 a jihohin Kano da Oyo ya nuna yadda jam'iyyu suka tsara zaurukan WhatsApp tun daga matakin jiha har ƙasa, da yadda matasa suke samun ɗan ihsani don yaɗa saƙon iyayen gidansu. Aikin da sojojin baka suke yi a rediyo ya samu reshe a waya ke nan. A Jihar Bauchi an ga zafin wannan fage a zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, inda Gwamna Bala Mohammed na PDP ya kayar da tsohon hafsan sojan sama Sadique Abubakar na APC, wanda haifaffen Azare ne.

Amfanin abin shi ne, ɗan ƙauye yana iya ɗaukar hoton ajin da rufinsa ya yaye ko gadar da ta karye, kafin dare shugaban ƙaramar hukuma ya gani. Amma yawan mabiya a shafi ba shi ne yawan ƙuri'a ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, Peter Obi, wanda magoya bayansa suka fi na kowa amo a Twitter, ya zo na uku da ƙuri'a kimanin miliyan 6.1, bayan Bola Tinubu mai miliyan 8.8 da Atiku Abubakar mai kusan miliyan 7.

Yankin Katagum ya ɗanɗana ɗaya gefen lamarin. A watan Nuwamban 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗan asalin Azare, saboda wani gajeren rubutu da ya yi da Hausa a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Aisha Buhari. An kai shi Abuja, an gurfanar da shi a kotu, an tsare shi a gidan yarin Suleja, kuma sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun matsa lamba. A cikin wannan watan na Nuwamba wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala 20 kowannensu da tara, saboda wani bidiyo da suka yi a TikTok a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Ganduje. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana kukan ana amfani da shi wajen rufe bakin masu suka, an yi masa gyara a Fabrairun 2024, amma dokokin ɓata suna suna nan daram. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, rubutun waya kuwa ko mai shi ya goge, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Ga ɗan kasuwa, tashin hankalin da ya faro daga waya a ƙofar shagonsa yake ƙarewa. A lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, wadda aka yi shelarta a waɗannan kafofi, sai da gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita a ƙaramar hukumar Katagum bayan al'amura sun rincaɓe a Azare. Duk ranar da kasuwa ba ta ci ba, mai kayan miya da ɗan dako ne suke fara ji a jikinsu.

Amana ba ta yi araha ba

Ciniki a ƙasar Hausa an gina shi ne a kan sanayya. Fatoma yana saukar da baƙo ya tsaya masa, sarkin kasuwa yana raba gardama, wanda ya ci amana kuma kowa ya san gidansu. A waya kuwa mutum yana iya sa hoton kayan wani, ya karɓi kuɗi, ya kashe layi. Akwai masu nuna saƙon shigar kuɗi na jabu su tafi da kaya, akwai masu sace lambar WhatsApp ta wani dattijo su riƙa neman rance da sunansa. Haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda aka fara a Disambar 2020, ya sauƙaƙa bin sawu, amma bai kawar da matsalar ba.

Mafi muni su ne kamfanonin da suke alkawarin ninka kuɗi. MMM ya rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX kuma ya durƙushe a Afrilun 2025, kuma dukkansu ta zauruka da shafuka suka yaɗu, aboki yana jawo aboki. Lissafinsu ɗaya ne: kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko da shi, ranar da sababbi suka ragu kuma sai ginin ya rushe. Babu wata halastacciyar sana'a da take ninka jari a cikin wata guda. Dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirya irin wannan, amma ɗaure ɓarawo ba ya dawo da kuɗin auren da aka zuba. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika lissafa shi ba, wato cewa shafi filin aro ne. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda matsalar tsaro. A ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin sa'o'i shida, a Maris 2024 kuma lalacewar wayoyin ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta kawo cikas ga bankuna da intanet. Har ila yau, a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 daga cikin 100. Idan aka haɗa da ƙarancin wutar lantarki da ke sa mutane biyan kuɗin caji, za a ga cewa shagon waya ma yana da nasa kuɗin haya.

Bisa ga waɗannan dalilai, wajibi ne ɗan kasuwa ya ɗauki wasu matakai. Kada kaya su bar hannunsa sai ya ga kuɗi a cikin asusunsa da idonsa, domin hoton rasit ba shaida ba ne. A cinikin farko da baƙo ya nemi wanda zai tsaya a tsakani, kamar yadda iyayenmu suke yi. Ya rubuta sunayen abokan cinikinsa da lambobinsu da basussukan da ke tsakani a littafi, saboda ranar da waya ta ɓata ko aka rufe shafi. Ya raba lambar kasuwanci da ta muhawarar siyasa, domin masu sayen kayansa ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Ya kuma sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri ta biyu, kada ya karanta wa kowa lambobin da aka turo masa ko da mai kiran ya ce daga banki yake.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Yana da Azare da Giade da Jama'are suna da rawar da za su taka. Zauren da shugabannin kasuwa suke kula da shi, wanda ake sanar da farashin ranar kasuwa a cikinsa, ake kuma gargaɗi a kan sababbin dabarun 'yan damfara, zai mayar da tsohon aikin sarkin kasuwa cikin waya ba tare da kashe wani kuɗi mai yawa ba. Ƙungiyoyin manoma kuma suna iya amfani da zaurukansu su haɗa buhunansu su cika mota guda, ta yadda sanin farashin Dawanau zai zama kuɗi a hannun mai buhu biyu. Yayin da zaɓen 2027 yake ƙaratowa, za a zuba kuɗi masu yawa a waɗannan kafofi, za a kuma nemi matasan yankin su yi aikin yaɗa saƙo. Ya rage ga iyaye da malamai da shugabannin kasuwa su tunatar da su cewa kwangilar siyasa ta 'yan watanni ce, alhali sunan da mutum ya ɓata a shafinsa zai biyo shi ranar da ya je neman aiki ko neman a ba shi kaya bashi.